Laftof ta mutu da kundin digiri a ciki: yadda ake juye fayiloli zuwa sabuwar kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Bauchi, ina zaune a Yelwa, ina kuma karatun digiri na biyu a ATBU. Daren Talata na bar laftof ɗina a caji, aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita da ƙarfi sai na ji ƙauri. Tun daga nan ko fitila ba ta kawowa. Mai gyara ya ce bod ya ƙone. Maigidana ya sayo min wata ta hannu, amma babi huɗu na kundina, da sakamakon ɗalibaina, da hotunan yara tun daga suna, duk suna cikin tsohuwar, ba ni da kwafi a ko'ina. Sun tafi ke nan? In ba su tafi ba, yaya zan yi su dawo cikin sabuwar? Kwamfutar tana shagonsa har yanzu.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. A duk abin da kika rubuta, maganarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya min a rai. Ki ɗaga waya yanzu, tun kafin ki gama karanta wannan amsa, ki ce wa mai gyaran kada ya yi fomat, kada ya ɗora sabon Windows, kada kuma ya cire komai sai kin zo. Ba zarginsa nake yi ba, sana'armu ɗaya. Amma na fi shekara 15 ina wannan aiki a garin nan, kuma fayilolin da na ga sun salwanta a hannun mutane bayan kwamfuta ta mutu sun fi waɗanda wuta ko ruwa suka ci nesa ba kusa ba. Yaron shago ya samu kwamfuta ta tashi, ya ga Windows na jan ƙafa, ya ce bari ya kyauta wa mai kaya, ya share komai ya ɗora sabo. Garin gyaran gira a rasa ido.

Amsar tambayarki ta farko ita ce, da yardar Allah ba su tafi ba. Ki ɗauka motar kaya ce ta taso daga Azare da buhunan gero, inji ya buga a Darazo. Mota ta tsaya, direba na zufa, amma geron bai ma san an yi ba. Ba a jiran gyaran inji, wata mota ake kawowa a juye. Bod ɗin da aka ce ya ƙone, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, shi ne injin. Kundinki da hotunan yara suna cikin wani ƙarfe daban, faifan ajiya, wanda muke ce wa had-disk a shago, kuma ba ya buƙatar wuta don ya riƙe abin da ke cikinsa. Idan wuta ta zo da ƙarfi, caja ce ke fara shan bugun, sai ɓangaren bod da ke karɓar caji. Faifan yana can ƙarshen layi, wutar da ke isa gare shi an riga an rage ta zuwa bolt 5 ko ƙasa da haka, shi ya sa galibi yake tsira.

Ina ma da ɗan ja a kan hukuncin nan na "bod ya ƙone". Ya zama kamar taifot a bakin mutanenmu, duk ciwon da ba a gane ba sai a laƙaba masa. Ƙaurin da kika ji, daga cajar ya fito ko daga ramukan iskar kwamfutar? In daga cajar ne, a gwada wata ta asali mai bolt daidai da wanda aka rubuta a ƙasan kwamfutar, yawanci 19.5 ko 20, ba irin mai kawuna goma ɗin nan ba. A cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a jona. Wasu kuma da ake yi wa ta'aziyya sikirin ne kawai ya ɗauke: in fanka na juyawa, fitilar Caps Lock na kawowa tana ɗaukewa idan an danna, a haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI, sai ki ga komai ya fito. Amma in daga cikinta ƙaurin ya fito, kada a ƙara ba ta wuta da faifan a ciki. A fara cire shi ki sa a jaka, sannan mai gyara ya yi ta gwaje-gwajensa har ya gaji.

Ba ki faɗi samfurin tsohuwar ba, kuma shi ne ke nuna irin faifan da ke ciki. Yawancin laftof na hannu da ke wajen ɗalibai da malamai a nan suna ɗauke da faifai mai inci 2.5, kamar tafin hannu, mai bakin SATA. Akwai mai juyawa, wanda in an kara kunne ake jin gurnaninsa, akwai kuma SSD mara nauyi da babu abin da ke motsi a cikinsa. Bakinsu ɗaya, kesin ɗaya ke ɗaukarsu, wato 'yar akwatin da ake saka faifan a jona ta USB. Na baya-bayan nan suna zuwa da M.2, wani siriri mai faɗin milimita 22, tsawonsa yawanci 80, sukuru ɗaya ke riƙe da shi. A nan mutane ke asarar kuɗi, domin M.2 ɗin ma iri biyu ne, SATA da NVMe, sun yi kama a ido amma ba yare ɗaya suke ji ba. Na SATA zai shiga kesin NVMe lafiya lau, amma babu abin da zai fito, sai mutum ya fara salati yana cewa faifai ya mutu. A karanta takardar da ke jikinsa. In an rubuta NVMe ko PCIe, kesin NVMe za a saya.

Akwai waɗanda ba su da faifan da ake cirewa sam. Ƙananan laftof masu araha, masu gigabait 32 ko 64, irin waɗanda ake saya wa yara, ajiyarsu a liƙe take da dalma a jikin bod. Haka MacBook na shekarun nan, irin masu M1 da suka fara fitowa a 2020. In taki irin wannan ce, kada ki yarda a canja miki bod, domin fayilolinki za su bi tsohon zuwa wajen 'yan gwangwan. Ƙwararre za ki nema, mai bin layin wuta da mita ya gano ainihin abin da ya ƙone, ya farfaɗo da bod ɗin ko na awa biyu ne a kwashe kaya. Bayan nan in ya so ya sake mutuwa.

Mu ɗauka taki mai ciruwa ce, wanda shi ya fi yawa. Aikin minti 10 ne zuwa 15, kuma ki tsaya a yi a gabanki. Tsofaffin samfura suna da 'yar ƙofa a ƙasa. Sababbi sai an ɗage marfin gaba ɗaya, an zare igiyar batir daga bod kafin a taɓa komai. In maigidanki ko ƙaninki zai yi a gida, ya nemi bidiyon buɗe ainihin samfurin a YouTube, ya kuma taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ya kama faifan, domin 'yar wutar jikin nan da kan ja mutum da hunturu tana kashe kayan lantarki. Da ya fito ki ɗauki hoton takardar jikinsa mai lambar siriyal. Faifai da faifai kama suke yi, kuma a teburin da akwai goma, musanya ba ta da wuya ko ba da niyya ba.

Akwai wani dalilin da ya sa nake cewa a gabanki. Kalmar sirrin da kike sawa kafin Windows ya buɗe, ƙofar zaure kawai take kullewa. Da an cire faifan an jona shi a wata kwamfuta, an haura ta katanga ke nan, mai riƙe da shi zai ga komai, sai dai in faifan kansa a kulle yake. Yau wannan alheri ne gare ki, tunda ta nan za mu bi. Amma hotunan iyali ne a ciki, har da na biki da aka ɗauka cikin mata ba mayafi, ga sakamakon 'ya'yan mutane. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi don kin ce za ki zauna ba. Ni kujera nake ba mutum, in juya sikirin ya fuskance shi.

Kesin kuwa ana samunsa a shagunan kayan kwamfuta na cikin gari, kuma na SATA bai fi kuɗin caja ba. Yawanci wutar USB ta ishi faifan laftof. Wani zai ce a buɗe sabuwar kawai a sa tsohon faifan ta tashi da shi. Yakan yi wani lokaci, amma ba na so, domin Windows zai hau rubuce-rubuce yana daidaita kansa da sabon gida, alhali mu karantawa kawai muke son yi. Ki cika batir ɗin sabuwar, ki hana ta barci, ki ajiye faifan a tebur inda yaro ba zai ja igiya ba. Mai juyawa yakan yi zagaye 5,400 a minti ɗaya, in ya faɗi yana cikin aiki sai dai wani ba shi ba. Ki nemi ramin USB mai shuɗin harshe ko alamar SS. Gigabait 100 a tsohon rami zai ci kusan awa guda, a wannan kuwa ba zai kai rabin haka ba, sai dai in ƙananan fayiloli ne dubbai.

In komai lafiya, za ki ji ƙarar shigar filash, sabon faifai ya bayyana a This PC da harafin D ko E. Wataƙila biyu ko uku su fito, ƙananan na Windows ne, ki ƙyale su ki buɗe babban. Ki shiga Users, sai foldar da ke da sunan da kike shiga da shi. Zai ce ba ki da izini, ki danna Continue ki jira. Koren layin nan na sama yana iya mintuna yana rarrafe, ba lalacewa ba ce. A ciki za ki ga Desktop, Documents, Downloads da Pictures. To a nan ki danne zuciyarki. Kowa so yake ya tattara komai ya ja gaba ɗaya, ko ya tsaya kallon hotunan suna yana hamdala. Kundin za ki fara ɗauka, shi kaɗai, ki buɗe shi a sabuwar ki ga babi huɗun sun cika, ki tura wa kanki ta imel a take. Sannan sakamakon ɗalibai, sannan hotuna. Finafinai da karatuttukan da ake iya sake saukewa su zo ƙarshe. Faifan da ya sha bugun wuta yana iya yi miki aikin minti 20 ya ɗauke, kuma ba ya sallama. Copy za ki riƙa yi, ban da Cut, domin Cut yana share na asali yana tafiya, in kwafin ya zo da matsala ba tsuntsu ba tarko.

Wuraren da ake mantawa su ke dawo da mutane shagona bayan wata guda. Gyararren babin da sufabaiza ya turo yana Downloads, ba a Documents yake ba. In an raba tsohon faifan biyu, kamar yadda masu ɗora Windows a nan suka saba, ki leƙa ɗaya ɓangaren. Ki nemo fayilolin SPSS masu ƙarewa da .sav, don su ne ƙashin bayan babi na huɗu. Rubutu ana iya sake shi, amma sake shigar da amsoshin ɗaruruwan takardun tambaya ba ƙaramin aiki ba ne. In kina amfani da Zotero, foldarsa na cikin foldar sunanki, ki ɗauke ta ɗungurungum. In kuma kina cikin rubutu ne a daren ba ki adana ba, ki kunna Hidden items a View, ki bi AppData, Roaming, Microsoft, Word. A nan Word ke ajiye abin da ya tsinta duk minti 10, da ƙarshen .asd. Foldar OneDrive tana da yaudara, wasu fayilolin suna ne kawai a faifan, ainihinsu na intanet, za su ƙi kwafuwa. Ki shiga asusunki na Microsoft a sabuwar, suna can.

Manhajoji kam ba sa juyuwa ta wannan hanya, Office da SPSS sai an sake ɗora su. Kuma ki sa Windows Security ya binciki abin da kika kwaso. Kwamfutar da ta sha filash ɗin shagunan buga takardu na bakin makaranta da wuya ta rasa ƙwayar nan mai mayar da folda shotkot, kada ki yi mata rakiya zuwa sabon gida.

Yanzu sai in ba a yi sa'a ba, kuma nan nake so ki fi natsuwa. Wani lokaci da an jona, Windows zai ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da faifan, ga Format disk ga Cancel. Cancel za ki danna. Haka in ya ce Initialize, ko Scan and fix, duka rubutu suke yi a kan faifan. Ma'anar saƙon ita ce rajistar faifan ta yage. Ke malama ce, kin san in rajistar aji ta ɓace ɗalibai na nan zaune a kujerunsu, sunayensu ne kawai ba a hannu. Fomat shi ne a kawo sabuwar rajista fara fat a ce ajin babu kowa, a fara shigo da sababbi suna zama a kan na da. Kafin ma a yanke cewa rajistar ce, a canja rami, a canja igiya, a gwada wani kesin, domin kesin mai arha na yin wannan ƙaryar. In saƙon ya nace, aikin ya koma na mai sana'a. Za a fara kwafe faifan gaba ɗaya, daga farkonsa har ƙarshe, zuwa wani lafiyayye da ya kai shi girma, da manhaja irin ddrescue a Linux, wadda ke kwashe wuri mai kyau tukuna ta dawo kan lalataccen daga baya. A kan kwafin ake aiki, da TestDisk a gyara rajistar, ko da PhotoRec a tsinto fayiloli. Dukkansu kyauta ne. In mai gyara ya ce zai yi aikin kai tsaye a kan faifanki, ya kuma zuba abin da ya samo a cikinsa, ki karɓe kayanki.

Na taɓa karɓar irin wannan daga wani bawan Allah mai shagon ɗab'i da ya zo daga Dass, an riga an ɗora masa sabon Windows a wani wuri. Faifan mai juyawa ne, don haka mun samo da yawa, amma PhotoRec ba ya dawo da suna ko folda. Dubban fayiloli suka fito da sunaye irin f0482136, katin biki da rasit ɗin makaranta da kalandar siyasa duk a cakuɗe, wasu rabi ne kawai. Kwana uku ya yi a shagona yana buɗewa ɗaya-ɗaya yana raɗa musu suna. Shi ma ya yi sa'a. Da SSD ne, akwai tsarin da ake kira TRIM, wanda ke sa faifan ya goge abin da aka share da kansa ba da daɗewa ba, kuma abin da ya goge ba mai dawo da shi.

Abin da ya fi yawaita yanzu kuwa shi ne faifan ya fito da alamar kwaɗon ƙofa, ya ce a sa makullin BitLocker, kuma mafi yawan masu shi ba su ma san an kulle ba. Kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da kansu ranar da aka fara shiga da asusun Microsoft, kuma tun daga Windows 11 na 24H2 da ya fito a 2024 abin ya ƙara faɗi. Muddin faifan na cikin kwamfutarsa, bod ɗin ke miƙa makullin a ɓoye duk lokacin da aka kunna. Da an raba su sai ya nemi shaida. Makullin lambobi 48 ne, rukuni 8 na shida-shida. Ki buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey ko a waya ne, ki shiga da imel ɗin da aka saita tsohuwar da shi, za ki gan shi. Matsalar da muke gani a nan ita ce imel ɗin ba na mai kwamfutar ba ne. Na ƙane ne, ko na wanda ya sayar, ko wanda yaron shago ya ƙirƙira a tsaye ya manta. Ki zauna ki tuna wa ya fara saita miki ita. In ta ofis ce, makullin na wajen sashen kwamfutarsu. Zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi: in babu makullin babu mai fasa shi, ba a Bauchi ba, ba a Legas ba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai fasa, kuɗinki zai fasa. Hanyar da ta rage ita ce a farfaɗo da ainihin tsohon bod ɗin, a mayar da faifan, ta tashi ta buɗe da kanta. Saboda haka kada ki rabu da gawar sai kin ga fayilolinki da idonki.

Sai aikin kunne. In mai juyawa ne, ki saurara a daƙiƙun farko. Lafiyayye zai ɗauki gudu, ya yi ɗan ƙus-ƙus, ya daidaita. In kika ji ƙas, ƙas, ƙas a jere kamar agogon bango, ko gogar ƙarfe, ko siririn kuka ba tare da ya juya ba, ki zare. Sau ɗaya na yarda a sake gwadawa, a wani ramin da wata igiya, domin ƙarancin wutar USB ma na sa shi wannan kukan. In ya maimaita, a tsaya. A cikinsa akwai allura da ke shawagi a saman faranti, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar ƙura ba ko kusa. Idan allurar ta lalace, duk kunnawa karta take yi, kuma abin da ta kankare ya zama gari. Za ki ji masu cewa a sa shi a firiza, ko a ɗan bubbuga shi. Kada ki bari. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai ɗauko sukudireba ya buɗe murfin faifan a kan tebur, a garin da ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe. Ana buɗe faifai ne kawai a wuri mai tatacciyar iska, da kayan musanya daga wani irinsa sak. Masu wannan aiki sai manyan birane irin Legas, kuɗinsu kuma yakan haura na kwamfutar. Ni ba na yin sa, kuma duk wanda ya kawo min mai wannan ƙarar haka nake gaya masa. In abin ya kai nan, kafin ki kashe kuɗin ki bi sawun kundin a wasu wurare: saƙonnin da kika tura ta imel, WhatsApp ɗin sufabaiza da na 'yan ajinku, filash ɗin da kika kai bugawa, kwamfutar shagon da suka buga miki babi na ɗaya zuwa uku, har da bugaggen kwafin da ya sha jan biro. Hotunan suna kuma rabinsu na cikin wayoyin dangi.

Idan an gama juyewa, ki duba Properties na tsohuwar folda da na sabuwa, ki ga yawan fayiloli da girman sun yi daidai. Tsohon faifan ki zare shi ta Eject, ki bar shi a kesin ɗinsa a durowa nesa da zafi, kada ki share komai a kai sai kin kare kundin an sa hannu. Bayan nan yana iya zama wurin ajiya na biyu, amma ban yarda ya zama shi kaɗai ba tunda ya riga ya ga wuta. Kundin kuwa daga yau ya zauna a Google Drive, gigabait 15 suke bayarwa kyauta. Sabuwar da maigida ya sayo, ki duba ko ita ma a kulle take, a Settings ƙarƙashin Privacy & security in Windows 11 ce. In a kulle take, ki rubuta lambobi 48 ɗin a takarda ki haɗa da takardun makarantarki. Kuma a daina barin ta a caji a kwanta, musamman lokacin da hadari ya fara haɗuwa.

Ki turo min hoton takardar da ke manne a ƙasan tsohuwar, inda aka rubuta samfurin, ki kuma gaya min daga ina ƙaurin ya fito. Da su zan faɗa miki irin faifan da ke ciki da kesin da za ki saya, kada ki biya kuɗin Keke Napep daga Yelwa zuwa Wunti sau biyu.